Idan ruwan kogi bai ishi kowa ba, a sa masa farashi ko a bar shi kyauta?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai. Kogi ɗaya ne, masu dogaro da shi kuwa ba sa ƙirguwa: manoman rani, birni mai jiran famfo, masana'antu, injinan lantarki da ke gindin dam, masunta, makiyaya. Shekarar da damina ta yi albarka babu mai jin kan wani. Amma idan aka yi fari, ruwan ya kasa zagaya kowa, wa za a ba, wa za a hana, kuma da wane ma'auni? Ni dai ra'ayina a fili yake. Muddin ruwan kogi kyauta ne, ɓarnarsa ba za ta ƙare ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya noma ne ke shanye shi, kuma a wurare da dama abin da manomi ke biya ko kuɗin yashe kanal bai kai ba. Wanda gonarsa ke bakin ƙofar kanal zai yi ta malala ruwa har ya kwanta a gona, tunda ƙarin bai ci masa ko sisi ba. A sa farashi a gani, kowa sai ya yi lissafi kafin ya buɗe.

Malam Nuhu: Wa alaikumus salam. Injiniya, kafin a yi nisa bari in ajiye wannan. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma an hana sayar da rarar ruwa. Kogi babu wanda ya ƙera shi. To wanda zai karɓi kuɗin, a matsayin wa zai karɓa?

Hajiya Rakiya: Allah ya saka wa Malam. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan. Duk abin da aka sa wa farashi, mai kuɗi ne ke kwashewa. Ku tuna abin da ya faru a Cochabamba ta ƙasar Boliviya a shekarar 2000. An miƙa ruwan birnin ga kamfani, kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka cika tituna, har aka rasa rai, daga ƙarshe dole gwamnati ta soke kwangilar. A 2010 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsaftataccen ruwan sha haƙƙi ne na ɗan Adam. Haƙƙi ai ba a kai shi kasuwa.

Alhaji Idi: Hajiya, ki bari in faɗa miki yadda kyautar nan take daga inda nake tsaye, don gonata a wutsiyar kanal take. A takarda dukkanmu daidai muke, kowa yana da rabonsa. A zahiri kuwa na sama sai sun ƙoshi sun bar saura kafin ya gangaro gare mu, wani lokaci ma ba ya isowa sam a daidai lokacin da shuka ke fure. Sai in ɗauko injin ban-ruwa, in sayi mai, in ja daga rijiya. Ke nan ni da ake cewa an ba ni kyauta, na fi kowa biya. Wani kuma ya bi ta bayan fage ya ga mai riƙe da makullin ƙofa, a buɗe masa da dare. Wannan ma ai farashi ne, sai dai aljihun mutum ɗaya yake shiga, kanal kuma yana nan cike da ciyawa da laka. Ni da za a ce in biya a bayyane, ruwa ya zo mini ranar da aka yi alkawari, wallahi da gudu zan biya.

Dakta Safiya: Alhaji ya taɓo zuciyar maganar. Ruwan da bai isa ba dole a raba shi ta wata hanya, ko an so ko ba a so. In ba a raba shi da farashi ba, za a raba shi da kusanci ga bakin kanal, ko da girman injin mutum, ko da sanayya. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke tausaya wa talaka.

Amma ina ganin muna cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe. Na farko kuɗin hidima: gina dam, gyaran kanal, albashin ma'aikata, wutar da ke tura ruwa. Wannan ba kuɗin ruwa ba ne, ladan kawo shi ne. Na biyu shi ne darajar ruwan kansa saboda ƙarancinsa, wato abin da wani ya rasa don kai ka ɗiba. Na uku kuma shi ne a ba mutum kaso sananne daga kogin, a kuma yarje masa ya ba da hayarsa ko ya sayar. Abin da ya faru a Cochabamba rikicin famfon birni ne da kwangilar kamfani, bai shafi rabon kogi tsakanin masu ɗiba ba.

Abin da masana tattalin arziki ke nufi idan suka ce an yi amfani da ruwa yadda ya fi dacewa ba shi da wuyar ganewa. Ba wai a duba wane ne ya fi muhimmanci tsakanin manomi da birni ba. Ana duban kubik mita na ƙarshe ne da kowa ya ɗiba. Bokitin farko da iyali suka sha babu kuɗin da zai biya shi. Na ƙarshe kuwa, wanda aka wanke mota da shi, darajarsa kaɗan ce. Haka gona: ban-ruwan da ya ceci shuka daga mutuwa daban, wanda aka ƙara bayan ƙasa ta riga ta jiƙe daban. Idan ruwan ƙarshe na wannan gona kusan bai ƙara komai ba, alhali a gonar Alhaji Idi shi zai raba tsakanin girbi da asara, to matsar da shi can ya ƙara arzikin jama'a ba tare da kogin ya ƙaru da ɗigo ɗaya ba. Har ma na ƙasa zai iya biyan na sama, kowa ya fita da riba. Aikin farashi shi ne ya sanar da na sama cewa ruwan da yake bari ya kwanta yana da mai nemansa.

Malam Nuhu: Dakta, wannan rarrabewar ta warware mini rabin damuwata. Malaman fiƙihu ma sun bambance. Ruwan da ke gudana a babban kogi na kowa ne, amma wanda mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa ya zama nasa, yana iya sayarwa. Don haka karɓar kuɗin hidima ban ga laifinsa ba. Sun kuma raba haƙƙin sha, na mutum da dabba, wanda ba a hana kowa, da haƙƙin shayar da gona, wanda ake bi da bi. A kan kwarin Mahzur na Madina Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi hukunci cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Ku lura, an ba na sama farko, amma an yi masa iyaka. Kuma Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya mayar da ita waƙafi. Inda har yanzu ban natsu ba shi ne na ukun nan, mutum ya sayar da kason kogi kamar gonarsa ta gado.

Auwalu: Dakta, don Allah akwai ƙasar da aka gwada na ukun ya yi aiki? Ko a aji kawai ake karanta shi?

Dakta Safiya: Akwai, Auwalu, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne yankin kogunan Murray da Darling a Ostareliya, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 1. Abin lura shi ne ba da kasuwa suka kafa tubali ba. A 1995 suka sa iyaka a kan jimillar abin da za a riƙa ɗiba, suka ce daga nan ba ƙari. Suka kuma raba takardar ruwa da takardar fili. Manomi yana da kaso na dindindin, kowace shekara kuma hukuma ta duba abin da ke cikin madatsai ta sanar da kashi nawa na kason za a samu a bana. Yana iya sayar da ruwan bana kaɗai, ko ya sayar da kason gaba ɗaya.

Da babban farin shekarun 2000 ya tsananta, sai aka ga amfanin abin. Mai noman shinkafa zai iya haƙura da shekara guda, ya sayar da ruwansa, baɗi ya dawo. Mai gonar inabi ko lemo kuwa in bishiyoyinsa suka bushe, aikin shekaru ya tafi. Sai ruwa ya tashi daga na farko ya koma na biyu, mai shinkafa ya sami kuɗin riƙe gida, mai bishiya ya tsira da jarinsa. Ruwan ban-ruwa ya ragu da fiye da rabi a shekarun da farin ya fi muni, amma darajar abin da aka noma ba ta faɗi ko kusa da haka ba. Daga baya aka yi dokar ruwa ta 2007 da tsarin kula da kogunan na 2012, wanda ya sa burin mayar wa kogin kubik mita miliyan 2,750 a shekara, kuma wani ɓangare gwamnati ta saye shi ne daga hannun manoman da suka yarda su sayar.

Hajiya Rakiya: Na ji, Dakta, amma a faɗi ɗaya gefen ma. A can ɗin dai aka yi ta zargin manyan gonaki da satar ruwa da taɓa mita a 2017, kuma a ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 kifaye suka mutu birjik a kogin Darling kusa da Menindee. Sannan ga Chile. Dokarsu ta 1981, zamanin mulkin soja na Pinochet, ta raba haƙƙin ruwa kyauta kuma na har abada ga duk wanda ya nema. Wa ya san hanyar ofis da lauya? Manyan kamfanoni. Wasu suka karɓa suka ajiye ba sa amfani da shi, suna jiran ya yi tsada, har sai da aka sa tara a kan haka a 2005. A Petorca gonakin afokado kore shar a kan tuddai, ƙauyukan da ke ƙasa kuma da tanka ake kai musu ruwan sha. Sai a 2022 aka gyara dokar aka fifita shan ɗan Adam. Shekara 41 ke nan mutane na ɗanɗana kuɗarsu.

Kuma akwai waɗanda ba a tambayarsu idan ana ciniki. Mai gona ya sayar da ruwansa ya karɓi kuɗinsa, to lebura da ke masa aiki fa? Mai sayar masa da taki fa? Birnin Los Angeles ya saye filaye da ruwan kwarin Owens, aka buɗe magudanar a 1913, cikin 'yan shekaru tafkin Owens ya ƙafe ya zama filin ƙura. Waɗanda suka sayar sun tashi, waɗanda suka rage su suka shaƙi ƙurar.

Injiniya Kabiru: Hajiya, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma mu duba inda babu farashi ko kaɗan. Tekun Aral na tsakiyar Asiya yana cikin manyan tafkuna huɗu na duniya kafin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga tun daga shekarun 1960. Ba ɗan kasuwa ba ne ya yi wannan, gwamnati ce da alƙalami, ruwa kuma kyauta, ana tura shi ta kanal marasa siminti yana tsiyayewa cikin rairayi. Yau jiragen kamun kifi na garin Moynaq, da ke bakin tekun a da, a kan yashi suke zaune.

Kogin Colorado na Amurka kuma wani darasi ne. A 1922 aka raba shi a takarda: jihohin sama miliyan 7.5 a shekara, jihohin ƙasa miliyan 7.5, da ma'auninsu na ruwan da zai rufe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, wato wajen kubik mita 1,233. A 1944 aka ƙara wa Meziko miliyan 1.5. Ashe lissafin an gina shi ne a kan shekarun da ruwa ya yi yawa. A wannan ƙarnin abin da kogin ke kawowa bai kai miliyan 13 ba a matsakaici, alhali an yi alkawarin 16.5. A 2021 aka ayyana ƙarancin ruwa a tafkin Mead, babbar ma'ajiyar ruwan kogin, karo na farko a tarihi. Ƙa'idar yammacin Amurka kuma ita ce wanda ya riga ɗiba shi ke da fifiko, kuma in ka daina amfani da kasonka kana iya rasa shi. Ku duba abin da wannan ke koya wa manomi: kada ka kuskura ka yi tsimi. Shi ya sa har yanzu kaso mai tsoka na kogin ke tafiya a noman ciyawar dabbobi cikin hamada.

Auwalu: To Injiniya, me zai hana a bar maganar farashi, gwamnatoci su tallafa wa manoma da ban-ruwan ɗigo-ɗigo? In kowa ya rage ɓarna ai ruwan zai isa.

Injiniya Kabiru: Auwalu, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, don nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin tuntuɓe. Ɗauki misali. Manomi yana ɗibar kubik mita 100 yana malalawa. Shuka da zafin rana suka cinye 50. Sauran 50 ɗin da muke kira ɓarna, ina ya tafi? Wani ya gangara ta magudana ya koma kogi, wani ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyi, ya ɓullo a fadama. Wato shi ne ruwan da na ƙasa ke rayuwa da shi. Yanzu an ba shi bututun ɗigo-ɗigo. Takardarsa har yanzu 100 ta ce. Ba zai mayar da rarar ba, faɗaɗa gona zai yi, ko ya koma shuka mai shan ruwa da yawa. Sai shuka ta cinye 90, 10 kacal ya koma. A gonarsa an ci gaba, amfanin gona ya ƙaru, kowa na yaba masa. A kogi kuwa an yi asarar 40, kuma na ƙasa ne ya biya.

Wannan ya shafi ciniki ma kai tsaye. In aka bar mutum ya sayar da dukkan 100 ɗin ga wani da ke wajen yankin, ya sayar da 50 nasa haɗe da 50 na maƙwabcinsa. Shi ya sa a wasu jihohin yammacin Amurka abin da ake yarda ka sayar shi ne wanda gonarka ke cinyewa da gaske, ba wanda kake ɗiba ba. Na'urar tsimi tana da amfani, amma sai an rage kason mutum daidai da abin da aka ce ya tsimta, in ba haka ba kogin bai ga komai ba.

Alhaji Idi: Wannan bayani ya shige ni, Injiniya, don rijiyata daga abin da ya tsiyayo daga gonakin sama take samu. Amma ina da tambaya. Duk maganar nan a kan awo take tsaye. Ina mitar? Wa zai karanta ta? Mutumin da ke buɗe ƙofa da dare shi ne dai za a ba littafin.

Dakta Safiya: Gaskiyarka, Alhaji. Inda ba a iya auna ruwa, farashin kowace kubik mita magana ce kawai. Kuma kuɗin da ake yankawa a kan kowace eka, ko ka sha kaɗan ko da yawa, yana iya gyara kanal amma ba ya sa kowa tsimi. Sai dai awo ba lallai sai da mita ba. A Pakistan da arewacin Indiya akwai tsarin warabandi, inda ake raba ruwa da lokaci: kowane manomi yana da sa'o'insa a mako gwargwadon girman gonarsa, kuma maƙwabta kan yi musanya ko cinikin sa'o'in a tsakaninsu. Mai gadin tsarin shi ne na bayanka a layi, don minti ɗaya da ka ƙara daga nasa ka ɗauka. A Balensiya ta Sifaniya kuma manoman kanal ɗin kogin Turia suna da kotunsu ta ruwa mai ɗaruruwan shekaru, tana zama kowace Alhamis a ƙofar babban cocin garin, alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, hukunci da baki, nan take. Irin waɗannan ne Elinor Ostrom ta yi nazari a kansu, har ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Ta nuna cewa masu amfani da abu na tarayya suna iya tsare shi da kansu idan iyakoki a bayyane suke, su ne suka tsara ƙa'ida, kuma mai saɓawa ya san za a gan shi.

Hajiya kuma, game da tsoronki, Afirka ta Kudu ta ba da amsa mai kyau a dokarta ta 1998. Kafin a ba kowa lasisi, sai an ware wani kaso da ba a taɓawa, na buƙatun mutane na yau da kullum da na rayuwar kogin kansa. Daga 2001 kuma suka fara ba kowane gida lita 6,000 a wata kyauta, abin da ya haura nan farashinsa na hawa mataki-mataki. Ruwan sha ƙanƙani ne in aka gwada shi da na noma, don haka keɓe shi ba ya rusa lissafin kowa.

Hajiya Rakiya: In haka ne, hayar ruwan shekara guda tsakanin manoman kanal ɗaya zan iya yarda da ita, tunda mutum na nan da kasonsa baɗi. Sayarwa ta dindindin ce ban yarda ba. Talaka ba ya sayarwa don lissafi ya nuna masa riba, yana sayarwa ne ranar da ciwo ya kwantar da ɗansa ko bashi ya shaƙe shi. Shekara goma sai ka tarar kason ƙauye guda ya taru a hannun mutum biyu, filayen sauran kuma sun zama busasshiyar ƙasa da ba mai saye.

Malam Nuhu: Ina tare da Hajiya a nan. Hukuma ta riƙe asalin kogin a matsayin amana, ta ba da izinin amfani na wa'adi, ana sabuntawa. Wannan ya fi kusa da abin da na sani.

Dakta Safiya: Wa'adin dai ya yi tsawon da mutum zai yarda ya dasa bishiya ko ya shimfiɗa bututu, Malam. In gajere ne, babu mai zuba jarinsa, kuma ranar sabuntawa za ta zama wata ƙofar da ake buɗewa da dare.

Alhaji Idi: Akwai waɗanda har yanzu ba mu sa su a lissafin ba. Ranar da za a zauna rabon kason farko, masu gona za su zo da takardun filayensu, birni zai turo injiniyoyinsa, masana'anta ta turo lauya. Masunci ba ya ɗibar ko bokiti, buƙatarsa ruwan ya tsaya a kogin. Makiyayi wata uku yake zuwa a shekara ya wuce. Mai noman fadama ambaliyar da dam ya tare yake jira. Duk cikinsu babu mai takarda, babu wanda mita za ta nuna abin da yake amfani da shi. Dakta, a tsarin naku, wa zai rubuta sunayensu kafin a rufe rajista?